Yadda ake gina suna a MMA daga matakin 'yan dagaji kafin a fara faɗan kuɗi

Samarin da suke zuwa neman koyon MMA, wato faɗan da ya haɗa naushi, shuri da kokawa, kusan duk tambayarsu ɗaya ce: koci, yaushe zan fara faɗan kuɗi? Sun ga Kamaru Usman, haifaffen Auchi, ya karɓe ɗamarar UFC, babban kamfanin shirya faɗan MMA na duniya, a 2019. Sun ji labarin Francis Ngannou da ya tashi yana haƙar yashi a Batié ta ƙasar Kamaru, ya zo ya zama zakaran masu nauyi a 2021. Abin da ba a cika ba su labarinsa ba shi ne shekarun da suka gabaci ɗamarar. Usman ya daɗe yana kokawar makaranta a Amurka, har ya ci gasar jami'o'i ta rukuni na biyu a 2010, kafin ya shiga keji, wato filin faɗan MMA da aka kewaye da raga. Muhammad Mokaev, ɗan asalin Dagestan da ya girma a Ingila, sai da ya yi faɗa sama da 20 a matakin 'yan dagaji kafin ya koma cikin ƙwararru.

Mataki biyu ne a wannan wasa. A na 'yan dagaji ba a biyanka, ana sa kayan kariya, turmi gajere ne, kuma kayen da aka yi maka ba ya bin ka zuwa tarihinka na ƙwararre. A na ƙwararru kuwa, duk kayen da ka sha yana nan a rubuce har ka yi ritaya, kuma shi masu shirya wasa suke fara dubawa. Ranar da ka yi faɗan ƙwararru na farko, ƙofar gasar 'yan dagaji ta rufe maka ke nan, ba komawa. Saboda haka duk kuskuren da za ka yi, a nan ƙasa ya kamata ka yi shi.

Kayan da za ka tanada

Robar baki ce farko, kuma ita kaɗai ce ba a ara ba a sayen ta gwanjo. Ka tafasa ruwa ka sauke, ka jefa robar ciki kamar rabin minti har ta yi laushi, ka ɗan tsoma ta a ruwan sanyi don kada ta ƙone maka dasashi. Ka ɗora ta a haƙoran sama, ka cije a hankali, ka danna ta da yatsu ta waje, ka tsotse iskar da ke ciki. In ka buɗe baki ba ta faɗo ba, ta zauna. In ta faɗo, ka sake.

Sai makarin gaba, makarin ƙwauri, da bandejin naɗe hannu. Safar hannu iri biyu kake bukata: babba ta damben boksin mai nauyin oza 16 don gwaji da abokan atisaye, da ta MMA mai buɗaɗɗun yatsu, mai kauri, tsakanin oza 6 zuwa 8. Kada ka sayi ƙarama mai oza 4 irin wadda kake gani a talabijin, ta ƙwararru ce, kuma fasa goshin abokanka kawai za ta yi. Wando ya zama marar aljihu marar zif, riga mai kama jiki. Wanda yake son rufe gwiwa zai iya sa dogon matsattsen wando a ciki lokacin atisaye, ranar gasa kuma ya tambayi abin da doka ta yarda da shi.

Ka nemi sikelin awon jiki, littafin rubutu, waya mai ɗaukar bidiyo, sabulu da abin yanke farce. Makero yana yaɗuwa a kan katifar atisaye da sauri, wanka nan take bayan an tashi shi ne rigakafinsa.

In kuɗi sun yi kaɗan, safar gwanjo ta isa muddin soson cikinta bai mutu ba. Buhun naushi kuma za ka iya haɗa shi da kanka: ka karɓo guntayen ƙyalle a wurin tela ka danƙara. Kada ka cika shi da yashi zalla, yashi yana taruwa a ƙasa ya yi tauri ya lalata maka wuyan hannu. In babu katifa, fili mai yashi mai laushi irin na 'yan kokawa zai yi don koyon kayarwa, amma ba a kan siminti ba ko da wasa.

1. Fara da gida da asibiti

Ka sanar da iyayenka, ka nemi albarkarsu. Yaron da yake ɓoye kumburin ido a gida ba ya daɗewa a wannan harka. In zuciyarka tana wasiwasi game da dukan fuska, wanda malamai sun yi magana a kansa, ka zauna da malamin da ka amince da shi tun yanzu, kada ka bari sai ka yi nisa.

Daga nan ka je asibiti a duba hawan jini, zuciya da idanu, a yi gwajin ciwon hanta nau'in B da C da na HIV. Duk gasar kirki za ta nemi waɗannan takardu, domin jini yana zuba a keji. In ba a taɓa yi maka rigakafin ciwon hanta nau'in B ba, ka yi. Mai farfaɗiya ko wanda ya taɓa samun mummunan rauni a ka, maganar likita ce ƙarshe.

2. Zaɓi koci

Ka je wurin ka zauna ka kalli atisaye kafin ka biya ko sisi. Ka lura da yadda manya suke bi da sabbin zuwa. In ka ga ana jefa sabon yaro gaban tsohon hannu a ranar farko don a ga ko yana da zuciya, ka tashi ka tafi. Ka duba ko akwai masu faɗa a ƙarƙashin kocin, ko yana raka su gasa, ko ana share katifa.

Garuruwa da yawa ba su da gidan koyon MMA cikakke. Wannan ba zai hana ka farawa ba. Filayen wasanni na jihohi galibi suna da masu koyar da boksin, judo, takwando da kokawa. Ka haɗa biyu, ɗaya na duka ɗaya na kamawa, misali boksin kwana uku, judo kwana biyu. Sannan kai da abokai biyu ko uku ku ware rana guda a mako kuna haɗa su wuri ɗaya. Bidiyon intanet yana taimakawa wajen ganin dabara, sai dai ba zai ce maka ƙugunka ya karkace ba. Ko sau ɗaya a 'yan watanni ne, ka tara kuɗin mota ka je Abuja ko Legas ka yi mako guda a wurin masu jujitsu, wasan kamu da shaƙa a ƙasa.

3. Gano giɓinka ka cike shi

Faɗan MMA wuri uku yake faruwa: a tsaye daga nesa, a rungume jikin keji, da kuma a ƙasa. Duk inda ka fi rauni, can abokin karonka zai ja ka.

Wanda ya fito daga gidan dambe ya zo da abin da ba a saya a kasuwa. Ya saba da taro, ya saba da kiɗa da ihu, ya san ɗanɗanon naushi, ba ya rufe ido in hannu ya taho. Amma ya zo da halaye uku da sai an kankare. Na farko, hannu ɗaya ya sani, wanda ake naɗe wa kara, ɗayan kuwa garkuwa ce kawai. Sai an yi watanni ana koya wa hannun gaba duka. Na biyu, tsayuwarsa a karkace take, ƙafar gaba a miƙe, wadda ita ce abincin mai shurin cinya da mai cafke ƙafa. Na uku shi ne mafi haɗari. A dambe, da hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare. A MMA lokacin ne ma aiki ya fara. Na ga ɗan dambe mai ƙarfin gaske ya zame ya faɗi a gwaji, jikinsa ya saki da kansa, ya ɗago kai yana jiran a raba, abokinsa kuwa tuni ya haye ƙirjinsa.

Ɗan kokawa, musamman irin waɗanda suka taso suna kallon gasar takobi ta Nijar, ya fi kowa saurin karɓar wannan wasa, domin ƙugunsa ya san nauyin mutum. Matsalarsa ita ce yana kayarwa ya saki ya miƙe, kuma yana shiga kamu da kai a sunkuye, wuya a buɗe, sai a maƙure shi a hammata. Dole ya koyi riƙe mutum bayan ya kayar, ya kuma koyi shiga da kai a ɗage.

Ko daga ina ka fito, tashi daga ƙasa shi ne darasin da ba a tsallakewa. Kana zaune, ka dafa hannu ɗaya a bayanka, ɗayan yana kare fuska. Ka kafa tafin ƙafar da ke ɓangaren hannun kariya, ka ɗaga ƙugu, ka janye ɗaya ƙafar ta ƙarƙashinka zuwa baya, ka miƙe kana fuskantar mutumin. Kada ka taɓa juya masa baya. Sau 20 kowane ɓangare, a ƙarshen kowane atisaye, lokacin da ka riga ka gaji, tunda a gajiye za ka bukace shi.

Sai maganar sallamawa. In an kama maka hannu ko wuya a atisaye, ka bubbuga jikin abokinka da wuri. Girman kai a nan yana jawo gocewar gwiwar hannu da jinyar watanni, shaƙa kuma cikin 'yan daƙiƙu take sumar da mutum.

4. Gwaji da hankali

Yawancin gwajinka ya zama mai sauƙi, inda za ka iya jarraba sabuwar dabara ba tare da tsoron a fasa maka hanci ba. Gwaji mai zafi sau ɗaya a mako ya wadatar, shi ma sai faɗa ya matso, da babbar safa, koci yana tsaye. Ciwon kai da ya ƙi tafiya bayan duka, jiri, amai, mantuwa, ko haske yana damun ido, duk alamun ƙwaƙwalwa ta girgiza ne. Ka daina, ka ga likita, kada kowa ya ce maka ragwanta ce.

A watan azumi ka rage nauyin aiki. Koyon dabara a hankali kafin shan ruwa, aikin ƙarfi bayan tarawihi. Kada ka karɓi faɗa a cikin watan ko a makon farko bayan salla.

5. Ajin nauyi

Ajujuwan maza su ne kilo 56.7, 61.2, 65.8, 70.3, 77.1, 83.9, 93, sai masu nauyi har 120.2. Ka riƙa hawa sikeli da safe tsawon makonni kana rubutawa, ka zaɓi ajin da bai fi kilo uku zuwa huɗu ƙasa da nauyinka na yau da kullum ba. Wannan ragin da abinci ake yinsa cikin wata biyu: a rage lemon kwalba, soye-soye da yawan tuwon dare, a riƙe wake, ƙwai, kifi, awara, nono da ganye.

Kada ka kwaikwayi ƙwararrun da ke matse ruwan jikinsu kwana ɗaya kafin awo. Sa leda a jiki a yi gudu da tsakar rana a zafin watan Afrilu hanya ce ta lalata ƙoda. A gasar 'yan dagaji ta duniya ma ana hawa sikeli duk ranar da za ka yi faɗa, don haka wanda ya ƙwaƙule kansa ba shi da lokacin farfaɗowa. Ƙwayoyin sa fitsari haramtattu ne a wasanni. Haka tramadol, wadda WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, ta sa cikin jerin abubuwan da aka hana a lokacin gasa tun daga Janairun 2024. Duk wanda ya miƙo maka wani abu ya ce yana kashe zafin duka, ka mayar masa da kayansa.

6. Ɗanɗana ƙananan gasa tukuna

Kafin keji, ka shiga gasar judo, kokawa, jujitsu ko boksin ta 'yan dagaji. A nan za ka san yadda ƙafafunka suke yin sanyi in an kira sunanka, da yadda numfashi yake ƙarewa cikin minti guda saboda fargaba. Shekara ɗaya ta atisaye ba fashi ita ce mafi ƙarancin abin da nake yarda da shi kafin faɗan MMA na farko.

7. Faɗan farko

A dokokin ƙungiyar IMMAF, wadda aka kafa a 2012 kuma take shirya gasar duniya ta 'yan dagaji tun 2014, ana yin turmi uku, kowanne minti uku, da hutun minti ɗaya. Ana sa makarin ƙwauri. Ba a duka da gwiwar hannu, ba a kai gwiwar ƙafa ga kai, ba a murɗe diddige. Alƙalai suna ba wanda ya ci turmi maki 10, ɗayan 9 ko ƙasa da haka, kuma dukan da ya yi tasiri da kamun da ya kai ga wani abu suke dubawa, ba yawan kai hannu a iska ba. Wasu masu shirya wasa suna da nasu bambancin, saboda haka ka nemi dokokin a rubuce.

Kocinka ne zai yi magana da mai shirya wasa, kuma ga abin da zai tambaya. Wace hukuma ce take sa ido? Akwai likita da motar asibiti a wurin har a tashi? Wane ne abokin karo, faɗa nawa ya yi, a wane wasa? A matsayin na 'yan dagaji za a rubuta faɗan? Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci ƙwarai. Wani yaro ya zo mana da kaye biyu a tarihinsa na ƙwararre alhali bai san ya zama ƙwararre ba. An ba shi 'yan kuɗi a ambulan, an sa shi faɗan minti biyar ba makarin ƙwauri, aka shigar da sakamakon a intanet. Kuɗin mota da masauki daban, ladan faɗa daban, a fayyace wanne ne kafin ka karɓa.

In an sauya maka abokin karo a daren wasa da wanda ya fi ka nauyi ko ya ninka ka gogewa, ka janye. Za a yi surutu, za a ce ka ji tsoro, bayan mako guda kowa ya manta.

Ranar faɗa ka ci abin da cikinka ya saba da shi, awa uku zuwa huɗu kafin lokaci. Ka ɗumama jiki har gumi ya tsattsafo. Mutum biyu sun isa a kusurwarka, murya ɗaya ce za ta riƙa magana. A hutun minti ɗaya ka zauna, ka ja dogon numfashi sau uku, ka kurɓi ruwa kaɗan, koci ya faɗa maka abu biyu kacal, domin wanda ake duka ba ya riƙe na uku. Ku yi yarjejeniya tun a gida cewa in koci ya ga abin ya ɓaci zai jefa tawul, kuma ba za ka riƙe shi a zuciya ba.

Kusan kowane sabon shiga yana ƙone ƙarfinsa duka a minti na farko. Ka shiga da niyyar za a yi turmi uku cur.

8. Bayan faɗa

Ka sa wani ya ɗauki faɗan gaba ɗaya, waya a kwance, ba yankewa. Bayan kwana biyu ku zauna da koci ku kalla, ka rubuta a littafinka abu uku da za a gyara. Ka tabbatar an shigar da sakamakon daidai a shafin Tapology ko Sherdog, da sunanka yadda yake a fasfo, domin nan masu haɗa faɗa na ƙasashen waje suke leƙawa.

In an tsayar da faɗa saboda duka, hukumomi galibi suna ba da hutun kwana 30, in suma aka yi kwana 60 ko fiye. Ko babu mai tilasta maka, ka bi wannan, har da gwaji a gida.

9. Tara faɗa iri-iri

A nan ne samari suke ruɗin kansu. Suna neman raunanan abokan karo don a ce ba a taɓa kayar da su ba. Tarihin ɗan dagaji mai nasara takwas a kan mutanen da ba su iya komai ba bai kai darajar mai nasara biyar da kaye uku a hannun gwanaye ba. Ka nemi ɗan kokawa da zai danne ka, ka nemi dogo mai shuri, ka nemi bahago. Faɗa uku zuwa huɗu a shekara ya isa ga mai aiki ko ɗalibi.

Ka yi rajista da hukumar MMA ta ƙasarka, ka shiga gasar ƙasa, domin ta nan ake zaɓen masu zuwa gasar Afirka da ta duniya. A irin wannan gasa ana iya yin faɗa uku ko huɗu cikin mako guda da 'yan ƙasashe daban-daban, gogewar da za ta ɗauke ka shekara a gida. Ka yi fasfo tun kafin a kira ka. Kuma kada ka bar sana'arka ko karatunka, faɗan 'yan dagaji cin kuɗi yake yi, ba ya kawowa. Tallafin mai shago a unguwa da zai ɗauki nauyin kuɗin mota a sa sunansa a rigarka ba ya ɓata matsayinka.

10. Lokacin tsallakawa

A ganina faɗa shida zuwa goma cikin shekara biyu zuwa uku shi ne daidai ga yawancin mutane. Wanda ya zo da doguwar gogewa a wani wasan, kamar yadda Israel Adesanya ya zo daga damben shuri, zai iya gajarta hanya. Amma lissafi ba shi ne ma'auni ba. Ka taɓa kai turmi uku kana da sauran numfashi? An taɓa danne ka ka tashi? Ka cika nauyi kowane lokaci ba wahala? Kana cin waɗanda suke cin wasu? Kocinka ya ce lokaci ya yi, ba abokanka na Facebook ba?

In amsar duka e ce, ka ware wata shida kana atisaye da dokokin ƙwararru: turmin minti biyar, kare kai daga gwiwar hannu da gwiwar ƙafa, da sabawa da ƙaramar safa wadda naushi yake ratsa ta gefenta. Ƙarin minti biyun nan a kowane turmi ya fi yadda kake zato nauyi.

Kamfanonin shirya faɗa da ɗan Afirka zai fara da su sun ƙaru. Akwai EFC a Afirka ta Kudu, inda Dricus du Plessis ya taso kafin ya ci ɗamarar UFC a 2024, akwai AKO a Legas, akwai BRAVE CF ta Bahrain, ga kuma PFL Africa da ta fara wasanninta a 2025. Duk wadda ta miƙo maka kwantiragi, kada ka sa hannu a ranar. Ka kai wa lauya ko wani tsohon ɗan wasa ya karanta maka. A duba faɗa nawa ne kuma cikin wata nawa, nawa ne kuɗin fitowa nawa ne na nasara, wa zai biya jirgi da masauki naka da na kocinka, wa zai biya asibiti in ka ji rauni, kuma ko an hana ka yin faɗa a wani wuri in su ba su ba ka wasa ba. Kason manaja yawanci tsakanin kashi 10 ne zuwa 20 cikin ɗari, daga kuɗin faɗa yake cira bayan an biya ka. Wanda ya ce ka fara ba shi kuɗi kafin ya samo maka wasa, ka nemi wani.